Littafin da Na Kai Damagaram Cikin Leda

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi a natse ba. Duk wanda ya gan ni a teburin mai shayin bakin tasha sai ya jawo benci ya ce, "Malam Lawal, yaya ka baro su? Da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" 'Yan ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare kuwa abin da suke son ji daban ne. So suke su san me aka ba ni a can na ci, da har na dawo na soke sunana da hannuna daga kwamitin da na daɗe ina nema. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa. Dama aikina ke nan, miƙa wa mutane abin karantawa.

Sai na fara da abin da na baro a gida. Ni ne sakataren reshen ƙungiyar na ƙasar Daura, kuma kwamitin da ake rububinsa shi ne mai zaɓen littattafan da za a saya da rabon waɗanda aka samu kyauta. Kujeru bakwai ne. Ni da shugabanmu Alhaji Bala muka zauna a zaurensa wata la'asar muka jera sunaye, kafin a kira magariba mun gama. Shida 'yan cikin garin Daura ne, har da ni. Na bakwai muka ce shi ne wakilin ƙauyuka don a Zango yake aiki, alhali katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Alhaji Bala. A lokacin ban ga aibun wannan ba. Cewa muke mu muka fi takardu, kuma mu ne in an kira taro ba sai mun hau mota ba.

Ana cikin haka sai ga takardar gayyata daga takwarorinmu na Damagaram, an rubuta da Faransanci an fassara da Hausa a ƙasa. Za su naɗa nasu kwamitin, suna son baƙi biyu daga gare mu, namiji da mace, ɗaya na birni ɗaya na ƙauye. Suka ƙara da cewa kowa ya zo da littafi ɗaya da zai yi magana a madadin laburarensa. Alhaji Bala ya yi ta tsaki a kan sharaɗin, domin ya san mace ta ƙauye a reshenmu ba ta wuce Malama Rakiya ta Dutsi, wadda ba ta taɓa zuwa taro ta tafi ba ta faɗa masa abin da ba ya son ji ba. A rabon bara katan guda aka aika mata na littattafan injiniya da Turanci. Ta ce mana ta gode, ta ɗora tukunyar ruwa a kansu.

Ni dai batun littafi bai ba ni wahala ba. Akwai wani ƙaton kundi na ilimin duniya a laburarenmu, bangonsa shuɗi da rubutun zinariya, yana cikin kabad ɗin gilashi wanda makullinsa ke hannuna, ko ledarsa ba a cire ba. Na ce wannan in mutanen Nijar suka gani za su san Daura ba sa'ar wasa ba ce.

Ranar tafiya muka haɗu a tashar Daura da hantsi. Malama Rakiya ta zo da mijinta Alhaji Isiya a matsayin muharrami, dillalin shanu ne mai fara'a wanda ya san hanyar Nijar kamar hanyar gonarsa. Bayan mun gaisa ta miƙo mini ambulan a rufe.

"Malam Lawal, wannan takardar barin ƙungiya ce. In mun dawo ka ba shugaba. Ban so in bayar kafin tafiyar ba, kada a ce na tsinka ku gaban baƙi."

Na ce, "Haba Malama, har abin ya kai nan?"

"Ya wuce nan. Na ji sunayen da kuka jera. Allah ya ba ku sa'a."

Na san in ta fita ba ita kaɗai za ta fita ba. Na Baure da na Sandamu da na Mai'adua duk bakinta suke kallo, in suka bi ta reshe ya koma zauren Alhaji Bala da sunan ƙungiya. Na cusa ambulan ɗin a aljihun da takardar sunaye take, na ce a raina kafin mu dawo ta huce.

Hanyar Kongolam ce kowa ya sani, amma Alhaji Isiya ya ce shi ta Babban Mutum yake bi, can ne aka san fuskarsa. Muka shiga wata tsohuwar fijo. Lokacin ba a daɗe da kawo shari'a ba, direbobi na ta nuna himma, mata a kujerar baya maza a gaba, Alhaji Isiya kuma ya ce shi ne katanga ya zauna a tsakiya. Yaron mota ya so ya sa kundina a but tare da buhunan albasa, na ce sam, na rungume shi a cinya. Damina ce, gero ya rufe hanya hagu da dama. Muna wuce Zango ruwa ya sauko, sai na tarar gilashin gefena ba ya rufuwa, direba ya ce tun bara yake shirin gyara shi. Na tuɓe babbar rigata na naɗe littafin, na zauna da 'yar ciki ruwa na dukana har Baure.

Daga baya Malama Rakiya ta ɗaga murya ta ce, "Malam Lawal, ai yana cikin leda. Kai ne ba ka cikin leda."

Duk motar aka kwashe da dariya, har da direban da ya jawo mini. A Baure da muka tsaya na shanya riga a kan motar, na tambaye ta wane littafi ta kawo. Ta zaro wani abu daga jakarta wanda da a hanya na gan shi ba zan duƙa ba. Ɗan siriri ne da Hausa, a kan rainon jarirai da cututtukan yara. Bangonsa na asali ya tafi, an yi masa wani da kwalin sabulu an ɗinke da zaren tela. Na roƙe ta don girman Allah kada ta fito da shi gaban mutane, in ya so mu ce kundina na mu biyu ne. Ta ce da ƙyar ta karɓo shi daga hannun wata mai jego da alkawarin za ta mayar mata kafin Juma'a, saboda haka ba ta ɗauko shi don ta ɓoye ba.

A Babban Mutum na ga amfanin Alhaji Isiya. Daga mai fura har masu kaki kowa "Alhaji, ina shanun?" yake ce masa. Ya sa aka dama mana fura da nono mai kauri wadda har yau ban sha irinta ba, sannan muka canza mota muka ƙetara. A ɓangaren Nijar wani jami'in kwastan, dogo siriri mai ladabi, ya duba takardunmu ya ce a buɗe kaya. Littafin Malama ko kallo na biyu bai yi masa ba. Da ya zo kan nawa sai ya ɗaga shi da hannu biyu ya jujjuya.

"Wannan haja ce? Na sayarwa ne?"

Na ce a'a, na laburare ne, na aro.

Ya shafa ledar da yatsa ya dube ni. "Na aro? To su masu aron ta ina suke shiga?"

Na ɗauka raha ce na yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya buga mana hatimi. Alhaji Isiya ne ya ce mini da muka fito, "Malam, mutumin nan fa tambaya ya yi maka."

Mun isa Magarya rana tsaka, muka tarar gari ya kwanta. Su al'adarsu in azahar ta gabato ofis da kanti duk a rufe, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Da farko na ce lalaci ne, da na ga irin ranar da ake yi kuma na tuna yadda mu muke zama a ofis muna gyangyaɗi a kan tebur da sunan aiki, sai na ce su dai sun fi mu faɗin gaskiya. Wani abokin cinikin Alhaji Isiya ya shimfiɗa mana tabarma ya ɗora shayi a ɗan murhun waya. Aka ba ni ɗan kofi mai kumfa, na kurɓe, ɗacinsa ya kai mini har ƙeya, na yi godiya na miƙe zan nemi mota. Alhaji ya jawo gefen rigata ya ce in zauna, sau uku ake zubawa, wanda ya tashi a na farko ya nuna wa mai gida shayinsa bai yi ba. Haka muka zauna har motar farko ta tafi ta bar mu. Ban ji haushi sosai ba, domin na ukun da daɗi.

Da yamma muka shiga Damagaram. Malama da mijinta suka sauka gidan wani dillali, ni kuma sakatarensu ya ɗauke ni, sunansa Issufu, amma kowa Mushe yake ce masa, wato malamin boko. Hausarsu tamu ce, sai dai suna tsarma Faransanci kamar yadda muke tsarma Turanci, makaranta su ce lakwal. Burodin nan gaskiya ne, dogo ne, kuma a hammata ake ɗauko shi ba leda ba takarda, ba wanda ya damu. Matarsa ta aiko mana da dambu da zogale ya sha mai da yaji, na ci har na ji kunya. Ɗakin da aka ba ni na kusa da zaure ne, gadon ƙarfe da gidan sauro, na ɗora kundina a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin.

Washegari da safe muka je wurin taron. Na zaci zan ga babban tebur da farin ƙyalle da kujerar shugaba mai hannu. Sai na tarar da tabarmi a tsakar wani gidan al'adu, mutane kamar arba'in sun kewaye, an bar tabarma ɗaya babba a tsakiya ba kowa a kai. Wani tsoho da ya yi ritaya, Baba Mahaman, shi ke jan zaman, yana zaune a ƙasa kamar kowa.

Aka fara kiran suna. Duk wanda aka kira sai ya taso ya ajiye littafinsa a tabarmar tsakiya ya faɗi su wa ke karanta shi. Tun a mutum na uku na gane na yi kuskure, domin ba wanda ya kawo sabo. Duk tsofaffi ne, yagaggu, wasu an ɗaure su da roba. Ashe abin da suke nufi ke nan, littafin da hannu ya fi taɓawa. Wani ya ce nasa 'yan lakwal ne masu shirin jarrabawa, wani ya ce malaman zaure, wata ta ce matan yaƙi da jahilci. Akwai wanda ya zo daga laburaren gidan yari da littafin koyon ɗinki. Baba Mahaman na sauraro yana tura kowane littafi wurin 'yan'uwansa, a hankali tabarmar ta rabu tsibi-tsibi.

Mushe Issufu ya raɗa mini yadda abin yake. Kowane tsibi kujera ɗaya gare shi a kwamiti, ko littafi goma ne a ciki ko ɗaya. Masu tsibin su za su koma gefe su zaɓi ɗaya a cikinsu, shugaba ba ya sa baki. Na tambaye shi wa ya ƙirƙiro wannan. Ya ce wuya ce. Shekarun baya manyansu na cikin gari suka cika kwamiti, suka sayo littattafan doka da na lissafi katan-katan aka raba wa ƙauyuka. "Gara ce ta fara karanta su," in ji shi. Daga nan ne suka daina tambayar wa ya fi takardu suka koma tambayar wa ke karanta abin da ke hannunka.

Kada in ce muku ba a yi rigima ba. An yi, kuma an daɗe. Malaman jami'a uku suka faɗa tsibi ɗaya, biyu daga cikinsu daktoci, dole ɗaya kaɗai zai shiga. Daktan da aka bari ya kumbura ya yi ta zuba Faransanci, ba wanda ya tanka masa har ya sauko don kansa. A gefe kuma ga wani makaho da littafinsa na rubutun taɓawa, shi kaɗai ne tsibinsa, ya samu kujera ba hamayya. Abin da ya fi ba ni dariya wani saurayi ne da aka zarga da tsufar da littafinsa da gangan. Baba Mahaman ya karɓa ya shinshina, ya duba ƙasan shafuka inda babban yatsa ke kamawa, ya ga fes suke.

"Ɗana, datti daban, hannu daban. Wannan shayi ka zuba masa."

Aka yi ta dariya, ni ma ina yi, har na manta kundin da na naɗo a cikin rigata. Sai na ji Baba Mahaman ya ce baƙinmu na Daura su ma su sa albarka a tabarma.

Malama Rakiya ta fara. Ta ajiye ɗan kwalin sabulunta ta ce matan Dutsi ne ke karanta shi, wadda ba ta iya ba 'yarta ta karanta mata. Tsohon ya buɗe a hankali. Gefen shafuka duk rubutu ne, wani da boko wani da ajami, mata sun rubuta abin da suka gwada ya yi da wanda bai yi ba. Shafin da ke bayanin ruwan gishiri da sukari ya yi laushi kamar tsumma, an manne shi sau biyu. Littafin ya bi hannu-hannu har ya zagaye taron. Wata mata daga wani ƙauye kusa da Magarya ta ce suna da irinsa amma da Faransanci, yana nan a kanta ba mai taɓawa, ta roƙi a bar ta ta kwafe wannan kafin mu tafi. Na saci kallon Malama Rakiya, na ga ta sunkuyar da kai tana gyara hijabi. Shekara nawa muna taro da ita a Daura, ban taɓa tambayarta me mutanenta ke karantawa ba.

Sai ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na warware rigar, na ajiye kundin, zinariyarsa na ƙyalli a rana. Baba Mahaman ya ce in buɗe masa. A gaban mutum arba'in na sa farce na yage ledar, da na buɗe bangon ya yi wata ƙara, shafukan kuma suka taho a manne da juna. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Masha Allah, littafi ne mai kyau," in ji tsohon. "Wa ke karanta shi?"

Na ce, "Tukuna dai, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauke shi da hannu biyu cikin girmamawa ya ajiye a bakin tabarma shi kaɗai. "To a bar shi nan ya jira mutanensa. Ran da suka zo sai a ba shi kujera."

Har aka tashi da la'asar ina zaune ina lissafin sunaye bakwai na aljihuna. Da za a shimfiɗa mana tabarmar nan a Daura, mu shida tsibi ɗaya za mu faɗa, na bakwai ma da wuya bai biyo mu ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ni ne kuwa na riƙe biro a zauren Alhaji Bala. Mutanen nan ba su fi mu gine-gine ba, ba su fi mu littattafai ba, motar ƙungiya ma ba su da ita. Amma kwamitin da suka tashi da shi ran nan akwai dakta, akwai makaho, akwai mata biyu, akwai mai koya wa fursunoni ɗinki, kuma kowannensu ya san fuskar wanda yake wakilta. Raina ya so su ƙwarai, na kuma ji kishi.

A hanyar dawowa ba abin da ya faru sai faci ɗaya kusa da Baure. Malama Rakiya ba ta ce mini komai a kan abin da ya auku ba, ko da wasa, har muka rabu a tashar Daura tana sauri ta mayar wa mai jego littafinta. Alhaji Isiya ne kawai ya ce, yana miƙa mini hannu, "Malam, ko a kara saniyar da ba a taɓa tatsa ba ba a yabon nononta."

Ranar taron reshe Alhaji Bala ya ce in karanto sunaye a amince. Na ba da labarin tabarma tukuna, sannan na karanta shida na tsaya. Na ce sunan da ban karanta ba nawa ne kuma na soke shi, kujerar ta Dutsi ce.

"Lawal, rana ce ta buge ka a Nijar?" in ji shugaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta buge ni. Amma ina roƙon kowa a cikin shidan nan ya faɗa mana littafin da ya fi tsufa a hannu a laburarensa, da wanda ya are shi na ƙarshe."

Can sai Malam Habu na kwaleji, Allah ya saka masa, ya ce shi kam ba zai iya faɗa ba, a ba na Baure kujerarsa. Sauran suka riƙe nasu gam, shugaba ya ce batun tabarma za a duba, mu da muke da tebur. Kujeru biyu ke nan cikin bakwai, ban ce muku mun zama Damagaram ba. Kuma ba zan ɓoye ba, ranar da kwamitin ya tafi Zariya wurin masu buga littattafai aka bar ni ina gadin kanta, sai da abin ya yi mini ciwo.

Bayan taron na tari Malama Rakiya a bakin ƙofa na zaro ambulan ɗinta, yana nan a rufe yadda ta ba ni, ruwan Zango ya ɗan jiƙa gefensa. Na ce ga amanarta, ina ganin ba sauran amfaninta. Ta dube shi ba ta miƙo hannu ba.

"Ajiye dai, Malam Lawal. Biyu cikin bakwai ne. In kuka koma halinku ba sai na sake ɓata tawada ba."

Na koma laburare ina neman inda zan adana takardar ba tare da wani ya gani ba. Na buɗe kabad ɗin gilashi, na ɓamɓare shafi biyu na shuɗin kundin na sa ta a tsakiya. Tun ran nan na cire makullin kabad ɗin na bar shi a buɗe, kuma kowace safiya in na zo sai na duba. Har yau takardar tana nan ba wanda ya taɓa ta.